Turmi a Gaban Tabarmar Hansai

Shekarar da kuɗin mai ya cika jami'a da sababbin littattafai, Rahmatu ta gano wani lungu a ɗakin karatu a Zariya wanda ba mai leƙa shi. Ilimin halayyar ɗan Adam take karantawa, amma ba malamin da ke koyar da abin da ya dame ta, wato yadda magana ke ɗauke wa mutum bayan shanyewar ɓarin jiki. Wata huɗu ta yi tana fama ita kaɗai, da ƙamus a gefe. A wata mujalla ta ga cewa wanda bakinsa ya mutu, wani lokaci waƙa ba ta barinsa.

Da aka yi hutu ta sauka Wudil, ta wuce Indabo wurin kakarta Hansai, wadda rabonta da magana tun da ɓarin jikinta ya shanye da damina. Ta jawo turmi har gaban tabarmar tsohuwar, ta zuba gero, ta kama daka tana rera waƙar da Hansai ke yi musu suna yara.

"Ke Rahmatu, ki bar mara lafiya ta huta mana," in ji gwaggonta Yelwa.

Ba ta bari ba. Kwana tara tana yi, har tafin hannunta ya yi bororo. Ran na goma Hansai ta soma buga cinya da hannun hagu. Can sai muryarta ta fito a shaƙe, tana bin karin waƙar daidai:

"'Yar boko, ba ki iya daka ba."

Yelwa ta saki ƙwarya tana salati. Rahmatu ta share hawaye, ta sake ɗaga taɓarya.

"To Kaka, gyara mini."