Jan Jelin Djibo

"Ko kunu ba ya wucewa, ruwa ma shaƙe shi yake," in ji Housseina, tana tsaye a ƙofar shagona a unguwar Jadid, a garin Sabha na ƙasar Libiya. Mijinta Djibo maƙwabcina ne, magini daga Dosso, ciwon maƙogwaro ya kwantar da shi wata uku. Ta ce jeli kaɗai yake ambato, irin jan nan mai sanyi da mutanen Sabha ke sha da azumi, wai shi zai sulale masa.

Mun sha musu da Djibo a kan jelin nan. Ni Bakano nakan ce kalmar Ingilishi ce. Shi kuma ya ce aro suka yi daga Faransanci, asalinta abin da sanyi ya daskarar, daga baya aka laƙaba wa duk wani abu mai rawa-rawa, har man shafawa. Na san ya fi ni gaskiya, amma ban taɓa sallama masa ba.

Fakitin jelin yana kan kantar shagon a bayana. Sai dai a makon na ji a waya wai da ƙashin alade ake yinsa. Na ce ta dakata in bincika, ba zan sa mara lafiya ya koma ga Ubangijinsa da haram a ciki ba. Ina faɗa ina jin kaina wani shehi.

Da na shiga duba shi, ya rame har zobensa ya koma babban yatsa. Maganar ta riga ni isa.

"Muƙaddas," ya ce, muryar da ƙyar take fita, "kawo mini shi hakanan. In da zunubi, bisa kaina."

Na ce gobe.

Gobe ta zama jibi. Larabcin jikin fakitin ya fi ƙarfina, girman kai kuma ya hana ni tambaya. A rana ta uku Mu'ammar, mai kawo mini kaya, ya karanta mini a tsaye: na shanu ne, halal. Ko minti bai ɗauka ba. Har yau kunyar kwana biyun nan ba ta sake ni ba.

Na dama da ruwan zafi na sa a firji, sai wuta ta ɗauke. Rani ne. Har la'asar ina buɗewa ina girgiza kwanon, ruwa tsululu. Housseina ta leƙo sau biyu.

Washegari da hantsi Djibo ya rasu.

Muna maƙabarta aka dawo da wuta. Da yamma na buɗe firji in ɗebo wa masu gaisuwa ruwa, sai ga kwanon, jeli ya daskare jawur. Na taɓa gefensa da yatsa. Ya ɗan yi rawa, ya tsaya.