Gaisuwar Jakarta

Wayar tana kan keken ɗinki, an jingina ta da ƙunshin atamfa, Kaltuma kuwa ta zuba mata ido kamar mai gadin madara a kan wuta.

Ɗanta Siddiƙ ya tafi Jakarta saro tufafi shekarun baya. Kasuwa ta riƙe shi, aure ya ƙarasa ɗaure shi. Matarsa Wulan ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, Kaltuma kuma ta ce ita ba ta surukuta da bebantaka. Ta tasa shi gaba sai da ya koya mata gaisuwar mutanen can. Abin da ya zauna mata a ka bai taka kara ya karya ba: selamat pagi, wato ina kwana, apa kabar, yaya kuke, amsa kuma baik, lafiya. Duk da haka babu wanda bai sha gaisuwar nan ba a unguwarsu ta Briqueterie, har Garga mai soya, mai gasa nama a bakin layi.

"Inna, ai mu nan la'asar ta yi," haka Siddiƙ yake tsokanar ta.

"Da safiyata nake gaishe ku, ba da taku ba."

Tun ranar da ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi, ba a sake jin muryarsa ba. A kira, ta yi ta ƙara, ta katse. Tsoro ya hana Kaltuma cin abinci.

"Rezo ne, Inna, layin waya ne ba kyau," in ji 'yarta Afra'u, tana sake danna kira. Ita ma ba ta yarda da abin da ta faɗa ba.

Wannan karon aka ɗauka. Fuskar Wulan ta cika gilashin, da farin mayafi, idanu sun kumbura.

Kaltuma ta gyara ɗankwali. "Selamat pagi." Ta matso kusa da wayar. "Apa kabar?"

"Baik, Ibu," in ji Wulan. Ibu, uwa ke nan.

Afra'u ta sauke ajiyar zuciya. "Kin ji ko? Ta ce lafiya."

Kaltuma ba ta ko waiwaye ta ba. Ranar da gawar mijinta ke kwance a ɗakin nan, duk wanda ya shigo ya tambaye ta kwana, lafiya lau ta ce masa. Ba ta zaci mutanen Jakarta sun fi ta rashin kunya ba.

"Siddiƙ?" ta ce.

Wulan ta yi ta magana da harshenta, kalma na bin kalma, ba wadda Kaltuma ta tsinta. Da ta ga ba a fahimta, sai ta juya wayar. Maza ne zaune a kan tabarmi da baƙaƙen huluna, suna karatu da murya ɗaya. Kaltuma ta kasa kunne. Yasin ce.

Fuskar ta dawo. Wulan tana riƙe da hular da Kaltuma ta ɗinka ta aika masa bara, ta manna ta a goshi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Wulan a hankali.

Wannan kam ba ta bukatar tafinta. Afra'u ta toshe baki da mayafi, ta sulale ƙasa.

Sai aka yi sallama a ƙofa. Salwa ce daga unguwar Ekoudou, ta zo karɓar ɗinkinta, tana karkaɗe takalmi.

"Inna Kaltuma, an tashi lafiya?"

Kaltuma ba ta ɗauke ido daga hular ba.

"Lafiya lau," ta ce.