Ranar da Na Tsaya a Layin Mai Tabarau

Maigidana ba mugun mutum ba ne, wannan zan fara faɗa kafin wani ya yanke masa hukunci. Dillalin shanu ne, ya shekara talatin yana kai da kawowa tsakanin Jalingo da kasuwar Mutum Biyu, ba a taɓa kawo ƙararsa gida ba. Siyasa ce ta kama shi da girma, kamar yadda ƙyanda ke kama babba, shi ya sa ta yi masa illa.

Da aka yanke mana jihar Taraba daga Gongola a 1991, Jalingo ta zama babban birni, kowa ya fara jin kansa wani abu. Da shekara ta zagayo aka ce za a zaɓi sanatoci, uku daga jiharmu. Namu shi ne na Arewa: mu, da Zing, da Yorro, da Lau, da Karim Lamido, duk mutum ɗaya zai je Abuja ya zauna da sunanmu. Jam'iyyu biyu kaɗai soja suka yarda da su, saboda haka 'yan takarar ma biyu ne. Mu mata ba mu wahalar da kanmu da sunayensu ba. Da hotunan da aka manna a bangon kasuwa muke kiransu, Mai Gemu da Mai Tabarau. Malam, maigidan nawa, ya bi Mai Gemu, aka ba shi shugabancin jam'iyya a unguwarmu ta Sarkin Dawaki, tun daga ranar ya zama Ciyaman. Mutumin da ko rediyo ba ya saurara sai ga shi yana yi mana bayanin tsarin mulki a kan tuwo.

Zaɓen wancan lokaci ba na shiga lungu a dangwala ba ne. Layi ake yi. A ɗaga hoton ɗan takara a kan sanda, mai sonsa ya je ya tsaya a baya, maza layinsu, mata layinsu, malamin zaɓe ya bi yana ƙirga kawuna da ƙarfi. An ce an yi haka ne don kada a yi maguɗi. Wanda ya ƙirƙiro abin, na tabbata, bai taɓa zaman gidan wani ba.

A gidanmu akwai Dinatu, 'yar Mumuye daga wajen Zing. Mijinta Job shi ne yake kora wa Malam shanu, ya rasu a kan hanya, ya bar ta da ɗa guda, Solomon, mai shekara goma. Malam ya ce ba inda za ta, ya ba ta ɗaki a cikin gida, bai taɓa karɓar haya ba. Shekara goma sha shida ke nan. Ita ta zauna da ni sati uku a asibiti lokacin da aka yi mini aiki. Ni nake yi mata kitson Kirsimeti. 'Ya'yana sun fi jin tsoronta a kaina, don ni bakina kawai nake da shi, ita kuwa tana da tsumagiya.

Solomon ya girma, ya zama makanike, ya kama ɗaki a unguwar Abbare. Amma rajistarsa ta zaɓe a unguwarmu take, kuma shi mutanen Mai Tabarau suka naɗa wakilinsu a rumfarmu. Shi zai riƙe sandar hoton, a gaban mutumin da ya rene shi. Solomon ya ce Mai Tabarau ne kaɗai ya taɓa hawa dutse ya je ƙauyen ubansa ya ga ruwan da suke sha. Malam ya ce yaron ba shi da kunya.

Ana saura kwana uku zaɓe, bayan la'asar, Malam ya tara mu a tsakar gida, da ni da yara manya da Dinatu. Bai ɗaga murya ba, kuma bai dubi kowa ba.

"Duk wanda yake kwana a gidan nan, ranar Asabar a bayana zai tsaya. Wanda ya tsaya wani wuri, to ya nuna mini inda gidansa yake."

Kowa ya san da wa ake. Da ya fita masallaci, Dinatu ta biyo ni ɗakin girki ta zauna a kan turmi.

"Adda Furera, ni zai yi yaya? Yaro na shi ne zai riƙe hoto. Baffa kuma shi ne ya riƙe ni."

Na ce mata, "Uwar Solomon, ki kwanta ki ce zazzaɓi. Damina ce, wa zai musa?"

"Ya riga ya ƙirga ni. Ya gaya wa mutanensa gidansa mutum tara ne."

"To ki tsaya a layinmu. Solomon ba yaro ba ne, zai gane."

Ta ce, "Haka zan yi. In na bar gidan nan, ina ne zan je? Ƙauye ma ba su san ni ba yanzu."

Da haka muka rufe maganar. Ita ta yanke wa kanta, ni kuma na yarda, ina so a riƙe wannan.

Ranar Asabar aka wayi gari da yayyafi. Muka tafi makarantar firamaren unguwa, aka duba katunanmu, muka zauna a baranda har wajen sha ɗaya. Malam yana ta zagaya fili cikin babbar rigar da ya ɗinka don Sallah, yana gaisawa da mutanen da jiya ma ya gaisa da su. Sannan malamin zaɓe, wani saurayi mai usur a wuya, ya ce a yi layi.

Layinmu ya cika nan da nan, don unguwar ta Malam ce. Can gefe, gindin bishiyar mangwaro, ga Solomon riƙe da sandarsa. Maza kamar ashirin a bayansa. Mata kuwa ba su kai goma ba, su ma yawancinsu matan ma'aikatan da suka dawo daga Yola ne, ba wanda ya san su.

Na kama wurina, na waiga in ga Dinatu a bayana, ba ta nan. Tana tsaye a tsakiyar fili ita kaɗai, katinta a hannu, kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta. Mai usur ya ce, "Mama, ki zaɓi layi, za mu fara kauntin." Mutane suka juyo suna kallo. Ta ɗago ƙafa ta nufo wajenmu, a hankali, kanta a ƙasa. Na dubi Solomon. Bai yi fushi ba, da fushi ya yi da na ƙyale. Murmushi ya yi mata, yana gyaɗa kai, wai ta tafi, ba komai.

Ni kuwa zuciyata ba ta da birki, duk wanda ya san ni ya san haka. Na ga yaron da na yi wa wanka yana ba uwarsa izinin ta wuce shi a gaban jama'a, sai raina ya ɓaci ƙwarai. Na fita daga layi, na tare ta, na kama hannunta.

"Adda, ki bari," ta ce a hankali. "Mun gama magana."

"Mu je. Ni zan san abin da zan gaya masa."

Na ja ta har gindin mangwaro, na tsayar da ita a gaba, daidai bayan ɗanta. Niyyata in koma layina. Ina juyawa aka busa usur, aka ce kowa ya tsaya inda yake. Gaskiya da na yi sauri da na isa, taku ashirin ne. Ban yi saurin ba. Na gyara mayafina na tsaya a bayanta, aka ƙirga matar Ciyaman a layin Mai Tabarau, mace ta biyu.

Layin Malam ne ya ci rumfar, da rata mai yawa. Ƙuri'unmu biyu ba su canza komai ba. Sanatan da aka zaɓa ma bai cika shekara a kan kujera ba soja suka rushe majalisar gaba ɗaya, kowa ya kama gabansa. Amma a ranar ba wanda ya san haka, kuma ko da an sani ba zai hana bakin mutane ba. Kafin magariba labari ya kai har Mutum Biyu. A kasuwar shanu aka ce mutumin da ya kasa kora mata biyu zuwa layi, yaya ake ba shi garke.

Na shirya wa faɗa. Na tanadi maganganuna tsaf, har ina maimaita su a bakin murhu. Malam bai ba ni dama ba. Ya ci tuwonsa, ya ce miya ta yi daɗi. Kwana ɗaya, biyu, har mako. Dinatu tana gaishe shi da safe yana amsawa. Na fara cewa a raina, ai ga shi nan, dama tsorata mu ya yi.

Rana ta tara na dawo daga gidan suna na tarar da magini da yaransa a tsakar gida, da bulo da siminti. Bayan ɗakin Dinatu dama titi yake kallo. Sun fasa bangon ta can sun kafa ƙofar kwano, suna toshe tsohuwar ƙofar da ke buɗewa cikin gida. Bulo ya kai ƙugu. Dinatu tana ciki, zaune a bakin gado, hannuwanta a kan cinya.

Na sami Malam a zaure. "Malam, mene ne wannan? Ni na ja ta. Ita layinka ta nufa, kowa ya gani. In hukunci ne, ga ni."

Ya ce, "Ke matata ce, ina zan kai ki? Ita ma ban kore ta ba. Na yi wa Job alkawarin ɗaki, ɗaki kuma nata ne har ta mutu. An zaga mata banɗaki ta waje. Gidana ne kawai na rufe."

Na yi magana har muryata ta dushe. Magini bai tsaya da aikinsa ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Matar nan ta auna abinta, ta zaɓi ta haɗiye baƙin cikinta don ta tsira da zamanta a cikinmu, ni na zo da zafin kaina na kwance mata. Ni ce na yi jarumtar, ita ce ta biya.

Washegari da safe ina wanke-wanke a bakin rijiya, sai na ji sallama daga zaure. Muryar mace ce, can ƙasa-ƙasa. Na amsa na ci gaba da aikina, ina jiran mai sallamar ta shigo. Ba ta shigo ba. Aka sake yi. Na goge hannuna na leƙa.

Dinatu ce. Ta zagayo ta titi, ta yafa gyale kamar mai zuwa unguwa, bokiti a hannunta. Ta cire takalmanta ta ajiye a bakin ƙofa.

"Adda," ta ce, "ko za a ba ni izini in ɗebi ruwa?"