Shukun Ruƙayya da Abin Kunne

Ni Alhaji Ashafa na Madabo ban taɓa shiga jirgin sama don wasa ba. Na shiga zuwa Makka, na shiga dawowa. Shi ke nan.

Ɗana Salim kuwa tuƙa shi yake yi. Ƙaramin jirgi, farfela a hanci. Tun da soja suka bar mulki 'yan siyasa ke hayarsa. Mai jirgin ya yarda ranar Asabar Salim ya zaga da 'yarsa Ruƙayya ta ga Kano daga sama. Shekararta bakwai. Jikata ce, don haka a wasanmu matata ce. Amma ba wanda ya nemi izinin miji.

Na ce ban yarda ba.

Ta ce, "To sake ni, tsoho. Dama ba ka yi min cefane."

Ana saura kwanaki Salim ya shigo zaure da abin kunne guda biyu, irin wanda matuƙa ke sawa. Ya ce ƙarar injin tana iya lalata kunnen yaro, sai an rufe shi ruf, kuma ta cikinsa za ta riƙa jin maganarsa. Na ɗaga babban. Ƙarfe ne, da nauyi. Tsawon raina tasoshi na sayar a kasuwar Kurmi, na san mai nauyi shi ke da ƙarko. Na ce wannan.

Aka ɗora mata. Ya zame har kan hanci, wuyanta ya lanƙwashe.

Ta ce, "Baba, ka gani? So yake ya kashe ni ya ci gado."

Aka gwada ƙaramin, mai soso mai laushi da maɗaurin da ake ragewa. Gashinta a tsefe yake, sai ya zauna daram. Salim ya tafa hannu a bayanta, ko waiwaye ba ta yi ba. Na ce ai dama shi nake nufi.

Sai 'Yardada, uwar Salim, ta shigo maganar. Ta ce jikarta ba za ta hau sama da kai a tsefe kamar marar gata ba. Ranar Juma'a ta aika Dukawuya aka kira makitsiya. Aka wuni ana yi wa yarinya shuku, aka tara shi a tsakar kai ya yi tsini. Aka sa mata 'yan kunnen zinare.

Da safiyar Asabar Salim ya ɗora mata abin kunnen. Maɗaurin ya hau kan shukun, soson ya tsaya can sama da kunnuwa yana lilo. Ya ja, ya danna, bai sauko ba.

Ya ce, "Inna, a haka ba za ta shiga jirgi ba."

'Yardada ta ce, "To kada ta shiga. Wanda ya isa ya taɓa kitson nan."

Salim ba ya musu da uwarsa. Ya dube ni. Na dubi bango. Abin da nake so ke nan.

Ruƙayya ba ta yi kuka ba. Ta zo ta zauna gefen tabarmata, ta ce a hankali, "Alhaji, na gaya wa duk 'yan ajinmu."

Ba ta taɓa ce min Alhaji ba.

Na ce a kawo tsinken tsifa.

'Yardada ta ce, "Kai? Mutumin da bai san inda randa take a gidan nan ba?"

Na ce, "Matata ce. Ba na son shuku."

Na kama kitso ɗaya na soka tsinke. Yarinya ta ƙwala ihu. Na kama na biyu, ta ƙara. 'Yardada ta fizge tsinken ta ce in kauce kafin in mayar mata da jika ƙwalƙwal. Tana tsifa tana faɗa, duk ni ake wa. Ta gama, ta kama mata gashin gida biyu a kwance. Abin kunne ya zauna.

Salim ya ce a cire 'yan kunnen, soso zai danne su. Ruƙayya ta zuba min su a hannu.

"Riƙe min. Kada ka kai Kurmi."

Ban bi su filin jirgi ba. Na hau soro duba indararo. Can na ji ƙara, ga jirgin ya ɓullo ta wajen Dala, ɗan mitsitsi. Sai da ya ɓace na sauko.

Da la'asar ta shigo da gudu, abin kunnen a wuya, tana magana da ƙarfi kamar kurma.

"Tsoho, na gan ka! Kana ɗaga min hula!"

Na ce indararo nake dubawa.

Ta ce, "Da hula?"

Na miƙa mata 'yan kunnenta. Na ce ta ƙirga.