Ruwan Alwalar Ɗakin Injuna

Injiniya Surayya ta ɗora sifana a kan famfon, ta danna da dukkan ƙarfinta. Tsatsa ta yi ƙara, kan famfon ya kwance, ta toshe bututun, ta jefa kan a aljihun rigar aiki.

"Bashmuhandisa, babbar injiniyarmu, lafiyarki kuwa?" in ji Amm Ragab, dattijon ɗakin injuna, hannun rigarsa a naɗe. "Ana shirin kiran azahar ki yanke mana ruwa? Ko Fir'auna bai yi haka ba."

Sauran ma'aikata suka taru a bayansa suna gunaguni. A masana'antar nan da ke dafa tukar rake ta zama takarda, babu ruwa mai tsabta a ƙasan bene sai na siririn bututun nan. Shi ke sanyaya sil, zobban da ke hana baƙin ruwan soda mai tafasa tsartuwa daga injin da ke tura shi. Tun kafin a haifi Surayya wani mai dabara ya huda shi ya sa famfo, ana alwala, ana dafa shayi. Da an buɗe, ruwa ya ragu, sil ya bushe ya tsage. Haka ya fashe makon jiya, ruwan sodar ya saɓule wa Milad mai gyara fatar hannu.

"Amm Ragab, kai ka kai Milad asibiti. Ka ga hannun ko ba ka gani ba?"

"Ƙaddara ce, 'yata."

"Ƙaddarar da ke zuwa daidai lokacin alwala kullum? Gobe idon wani ne."

Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara. Ustaz Wagdi ne, manaja, wanda ta sha roƙo ya ja wa ma'aikata bututun ruwa na daban yana cewa a bari sai baɗi.

"Ki mayar musu da abinsu yanzu-yanzu. Ba na son hayaniya. In sil ya mutu a sa wani, sito cike yake."

"Hannu fa, akwai shi a sito?"

"Ki mayar, ko ki ajiye min katin aikinki a ƙofa."

Ranta ya ɓaci. Ta kashe wayar, ta juya.

"Ruwa kuke so? Ku biyo ni. Na san inda yake, har da sabulu."

Suka hau bene a bayanta, takalmansu na zane dardumar ofis da baƙi. Sakatare ya miƙe, ya ƙirga yawansu, ya koma ya zauna. Surayya ta tura ƙofar banɗakin manaja ta riƙe. Amm Ragab ne ya fara shiga, ya yi bisimilla, ya buɗe famfo.

"Kai, jama'a! Ashe har da na ɗumi!"

Dariya ta ɓarke a layi. Ustaz Wagdi ya fito, cokalin wake a hannunsa.

"Mene ne wannan?"

"Alwala ce, ranka ya daɗe. Sai kuma la'asar. Masu aikin yamma na da magariba."

Ya dube ta, ya dubi dardumarsa, ya koma ya ɗauki waya. Ba ta san ko sito zai kira a kawo bututu ba, ko masu gadi su fitar da ita. Ta sa hannu a aljihu ta damƙe kan famfon.

"Na gaba," ta ce.