Hannun Baba a Kanun Shafi

Babanmu mai rubuta allunan shaguna ne. Rabin titinmu hannunsa ne, daga kemis har wurin aski. Da idonsa ya fara dushewa, sai ƙanena, wanda muke tsokana da Injiniya saboda shafukan intanet yake ginawa, ya ce zai ɗora rubutun Baba a kanun shafin shagonmu na fenti.

Dabarar, yadda ya bayyana mana, ita ce a ɓoye rubutun kwamfuta na kanun, a sa hoton haruffan Baba a gurbinsa. Baba ya yi murna kamar yaro. Ya sa aka fito da tsofaffin allunansa daga bayan kabad, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da hannun riga.

Sai dai Injiniya akwai ƙaƙale. Yau wutsiyar wani harafi ta yi tsawo, gobe tazarar ce ba ta yi masa ba. Kullum sai Baba ya leƙa ɗakinsa ya ce, "Ɗan nan, an gama?"

"Saura kaɗan, Baba."

Na ja shi gefe na ce, "Kai, nuna masa haka nan mana. Idon nan kullum ƙara tafiya yake."

"Yaya, ba ki san aikin nan ba. Ni ba zan kai masa abu rabi da rabi ba."

Na ƙyale shi raina a ɓace. Taurin kai dai a gidanmu gado ne.

Ran da ya gama, ya shigo falo da kwamfutar yana washe baki. Aikin ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. Baba ya matso har hancinsa na taɓa gilashin, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Haske kawai nake gani," in ji shi.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Injiniya ya rikice, ya wawuro wayar Baba mai karanta masa saƙonni, ya buɗe shafin. Muryar ta karanto rubutun da ke ɓoye ƙarƙashin hoton: "Barka da zuwa shagon fenti."

Baba ya ce a maimaita, aka maimaita. Ya kai yatsa ya shafa gilashin kwamfutar a hankali, bai ji komai ba sai santsi.

"Madalla, Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Amma ɗan nan, ai rubutun kowa ma da muryar nan wayar take karantawa."