Layi na Goma sha Ɗaya

…kuma ba wai ba ta gane tambayar ba ne. Ta gane sarai. Shi ya sa na kasa ajiye takardar nan tata, jan biro a hannu, shayina ya huce, fankar ɗakin malamai sai ƙara take a kaina.

Abu mai sauƙi na ba ɗalibaina. Labari shafi guda, sai magana ɗaya a ƙasa: "Uban yarinyar mutum ne mai taurin zuciya." A ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta fi tabbatar da haka. Zango guda ina fama da su — kar ku gaya mini abin da kuke ji, ku ɗora yatsa a kan layi. Har suna suka laƙaba mini, Malama Ina-Hujja, wai su a zatonsu ban sani ba.

Talatin da takwas sun ja inda ya kamata: "Bai fito ya raka ta mota ba." Maki biyar, maki biyar, maki biyar… Sai wannan ta bencin baya, mai tauna murfin biro, wadda ko sunanta aka kira sai ta waiga tukuna. Ta tsallake wancan, ta gangaro layi na goma sha ɗaya: "Ya kwance igiyar akwatin ya sake ɗaurewa, karo na uku." A gefe, da rubutunta ƙanana kamar tururuwa: Malama, na je neman taurin zuciya sai na tarar da wannan, kuma ta ƙi yarda.

Wai jimla ce ta ƙi yarda. Ji mini yarinya.

A ƙa'ida sifili ne, ni na tsara ƙa'idar. Sifili kuwa zai fitar da ita daga cikin biyar ɗin da za mu tura jarrabawar neman gurbin karatu kyauta, ga shugaban makaranta yana jiran sunaye kafin a tashi.

To amma ta ina ta hango? Abin da ke cina ke nan. Ni na rubuta labarin, don na littafin aji bai yi mini ba. Jimlar igiyar nan ciko ce, na saka ta ne don ta ruɗe su. Ban ma yi tunani ba, hannuna ne kawai ya…

Shuɗiya ce igiyar. Ta shanya ce, Inna ta yi ta mita an yanke mata. Ranar da zan tafi makarantar kwana, kana tsugune gaban akwatina a tsakar gida ka ba ni baya, Baba, direba yana ta danna hon, ni ina tsaye sabon takalmi yana matsa mini, ina jira ka juyo. Ba ka juyo ba. "Maza, kar ki sa mutane jira." Shi ke nan. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da wannan, na gaya wa mijina, na gaya wa ƙanwata, kullum layin nan ɗaya nake ja.

Sau uku… Me zai sa mutum ya kwance ɗaurin da ya riga ya ɗauru? Kai da ɗaurinka ba ya kwantuwa, a makarantar kwana sai da muka sa masa reza. Na farko ya isa. Na biyun fa? Jan lokaci? Ko fuskarka ce ba ka so in — a'a. A'a, wannan zato ne, zato kuwa ba hujja ba ne, da manyan baƙi na rubuta musu haka a allo.

Na koya musu farautar layin da ke goyon bayan magana. Ban taɓa gaya musu abin da za su yi in sun ci karo da wanda ya ƙaryata ta ba. Ni kaina me nake yi da irinsa? In na ba ta biyar, wadda za ta sauka ta shida fa, wadda ta bi umarnina tiryan-tiryan, laifinta me? In na ba ta sifili, na hukunta ta ke nan don ta fi ni karanta abin da na rubuta.

Ƙararrawa. Mataimakin shugaba ya leƙo: "Malama, sunayen?"

"Ina zuwa."

Ina zuwa da me? Mutum ɗaya ne ya san ko ta ci ko ta faɗi, kai ne, Baba. Shekara goma sha takwas kana raye bayan ranar nan, muna gaisawa, ina kawo maka jikoki… ban tambaye ka ba ko sau ɗaya.